Keke Mai Tsintsiya

A tseren keken yara da ake yi kowace Asabar, akwai mutum ɗaya da bai taɓa zuwa na ɗaya ba, bai kuma taɓa jin haushi ba, don aikinsa ke nan ya zo na ƙarshe. Mai Faci ne, dattijon da ke da rumfar gyaran keke a bakin titin kasuwa. Yakan ɗaura doguwar tsintsiya a kariyar ɗaukar kaya da ke bayan kekensa, kanta a sama, ya bi bayan yaran a hankali. Dokar ƙungiya ita ce, duk yaron da na gaba suka zagayo suka tarar da shi, to tserensa ya ƙare. Mai Faci zai matso kusa da shi, ya dafa kafaɗarsa, su fita gefe tare, ya zare fil huɗun da suka riƙe ƙyallen lamba a bayansa, ya ce masa, "Sannu da ƙoƙari, sai wani satin." Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, kuma yana son aikin, don daga baya yake hango kacar da za ta zame da tayar da ke neman iska tun kafin mai keken ya sani.

Filin ba nasu ba ne. Na wani kamfanin jigilar kaya ne, manajan ya ara musu daga ƙarfe takwas zuwa goma, kafin manyan motoci su dawo. Goma na bugawa Maigadi zai buɗe babbar ƙofa, tireloli su shigo suna huci. Sau biyu aka ja musu kunne kan wuce lokaci, aka ce na uku babu wata magana, sai dai su nemi wani wurin. A unguwar kuwa babu wani wurin sai titi, shi ko titi ba a kai masa yara.

Masu shirya tseren duk aikin sa kai suke yi, babu mai karɓar ko sisi, shi ya sa ma kowannensu ke ganin shi ne mai wurin. Shugabansu Guguwa ne, abokin Mai Faci tun suna samari, wanda a zamaninsa ya ci kofuna har matarsa ta rasa inda za ta jera su. Yanzu gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, sai ya mayar da duk ƙarfin ƙafarsa zuwa bakinsa. Akwai Sista, ma'aikaciyar jinya mai akwatin bandeji, wadda ba ta iya zagaye-zagayen magana ba. Akwai Tela, mai ɗinka lambobi da ƙirga zagaye, wanda a shagonsa ake taro ran Alhamis da yamma. Sauran iyaye ne da ke zuwa riƙe tuta a kwana.

Abin ya faro ne daga jikar Mai Faci, 'yar 'yarsa, yarinya 'yar shekara goma. Shi ya haɗa mata kekenta da hannunsa daga tsofaffin ƙarafa uku, ya yi masa koren fenti. Ba ta da sauri ko kaɗan, har yara suka sa mata Kunkuru, ita kuma ta amsa abinta ba tare da damuwa ba. Abin da take da shi shi ne ba ta tsayawa. In ta ɗora ƙafa a feda, sai dai a kira ta cin abinci.

Ranar da ta shiga tseren manya na zagaye goma sha biyu, a zagaye na takwas na gaba suka cim mata. Mai Faci ya matso kamar yadda ya saba, ya dafa kafaɗarta, suka fita gefe. Yana zare fil ɗin farko ta waiwayo.

"Kaka, saura huɗu fa."

"Na sani. Doka ce."

"Ai ban gaji ba."

"Sannu da ƙoƙari," ya ce, ya zare sauran fil ɗin.

Ba ta yi kuka ba, da ma a ce ta yi. Ta tura kekenta har gida, ta jingine shi a bayan ɗakin girki, ta rufe shi da buhu. Kwana shida ba ta taɓa shi ba. Ran Juma'a uwarta ta biyo ta rumfa ta ce, "Baba, jikarka fa ta ce ba za ta koma ba. Wai in dai kai ma ka ce ba ta iya ba, to ba ta iya ba."

Wannan magana ta soke shi ƙwarai. Bayan ta tafi ya ajiye tayar da yake shafa wa sholisho, gam ɗin faci, ya jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci. A nan yake ajiye lambobin da ya cire, don in yaron ya dawo wani satin ya mayar masa da abinsa. Ya zazzage su a cinyarsa. Bai taɓa ƙirga su ba sai ranar. Arba'in da uku, har da ta jikarsa, sha tara. Wasu sun koɗe, wasu fil ya yi tsatsa a jikinsu. Kowacce ya san bayan da ya ciro ta daga kai, kuma duk masu su ya ce musu sai wani satin, ga shi satin bai zo ba har yau. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ya son kowa ya shigo rumfar ya gan shi.

Washegari Asabar ya je fili shi kaɗai. Ya yi aikinsa, ya cire lambar wani ɗan siririn yaro, amma wannan karon da agogo a hannunsa da guntun fensir a bayan kunne. Abin da duk aka yi sai ya duba agogo, ya rubuta a bayan kwalin sholisho. Tela ya gan shi ya ce ko ya fara koyon lissafi da tsufa ne. Ya yi murmushi kawai.

Ran Alhamis aka taru a shagon Tela, kowa ya nemi wurin zama tsakanin keken ɗinki da tarin yadi. Guguwa ya miƙe ƙafarsa mai ciwo kan kwali, ya fara bayanin sabbin tutoci. Mai Faci ya bari ya ja numfashi, sannan ya tashi ya juye gwangwanin a kan teburin yanka.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Guguwa.

"Yaran da na kora ne. Arba'in da uku. Ran Asabar na ƙara ɗaya."

"Ba kai ka kore su ba, tsere ne ya kore su. Tsere ba wasan 'yar tsana ba ne, mutumina. Ni a zamaninmu..."

"Na san zamaninku, ni nake maka faci." Aka yi dariya, ban da Guguwa. "Abin da nake roƙo shi ne a daina cire lamba. Wanda aka zagaye ya koma layin waje, in bi shi ta ciki in kare shi. Na gaba su gama, su kuma na baya su ƙarasa zagayensu, a kaɗa musu tuta kamar kowa."

Sista ta ajiye wayarta. "Baba, ka manta yaron da ya karya ƙashin kafaɗa? Na gaba ne suka afka wa na baya a kwanar rijiya. Ni na ɗaure shi, ni na kalli idon uwarsa, ba ku ba. Don haka aka kafa dokar nan."

"Ban manta ba. Shi ya sa na ce layin waje, da jerin tayoyi a tsakani."

"Wata maganar kuma," ta ce, tana kallonsa ido cikin ido, "shekara goma sha ɗaya kana cire lambar 'ya'yan mutane barcinka kake yi lafiya. Sai da abin ya zo kan jikarka sannan doka ta zama zalunci?"

 Tela ya sunkuya yana neman almakashin da ke hannunsa.

"Gaskiya kika faɗa, 'yata," in ji Mai Faci. "Ba ni da abin kare kaina. Sai da ya taɓa ni na gani. Amma tunda na gani, kina so in rufe ido don na makara?"

 Guguwa ya karɓe zancen. "Bar wannan. Ina lokacin yake? Na baya su ƙarasa zagaye huɗu, minti ashirin ke nan. Goma ta buga muna ciki, a karɓe filin, yara sittin su rasa wurin hawa saboda mutum biyu ko uku. Yaran nan marasa sauri su ke cin lokaci, kowa ya sani."

Nan Mai Faci yake jira. Ya ciro kwalin sholisho daga aljihu, ya ɗaga shi nesa da ido don bai zo da tabarau ba.

"Jera tayoyin kan hanya, minti ashirin da shida. Shida na jerawa, ashirin na gardama tsakaninka da Sista kan inda kwanar rijiya za ta faɗa. Saka wa yara fil, minti sha bakwai, saboda Tela ba ya yarda kowa ya taɓa lambarsa sai shi. Jawabin shugaba," ya ɗan tsaya, "minti sha huɗu, har da labarin ranar da tayarka ta fashe ka ci tsere a kan ƙarfen wili. Ba yara ke cin lokaci ba, jama'a. Mu ne."

Kowa ya ji nasa, kuma ba wanda ya ji daɗi. Tela ya ce in aka bar iyaye su saka fil, rabin lambobin a karkace za su zo. Sista ta ce gardamar kwana ita ke hana yara karyewa. Guguwa kuwa fuskarsa ta haɗe, don a duniya babu abin da yake ji da shi kamar wannan labarin na wili. Aka yi ta cacar baki har mai shayin maƙwabta ya leƙo ya ga ko lafiya. Wani uba ya ce a yi ƙuri'a, wani ya ce ƙuri'ar me, wanda ba ya ɗaukar taya ba shi da bakin magana.

Daga ƙarshe Guguwa ya buga sandarsa a ƙasa. "Na ji. Asabar ɗaya za mu ba ka. In na ƙarshe ya tsallake layi kafin goma, an soke doka. In ya wuce ko da minti ɗaya ne, doka na nan, kai kuma ka kwance tsintsiyar nan ka ba wanda zai iya aikin. Ka yarda?"

Mai Faci ya san abin da ake nema a hannunsa. Shekara goma sha ɗaya ba kwana goma sha ɗaya ba ne. Amma ya tuna keken da ke ƙarƙashin buhu.

"Na yarda," ya ce, ya shiga tattara lambobinsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ran Juma'a da hantsi ya rufe rumfa, ya ɗauki ragowar farin fenti ya nufi filin. Maigadi, wani dogon mutum mai ƙarancin magana, ya leƙa ta ƙaramar ƙofa ya ce in dai ɗigo ne ba zane ba, bai ga komai ba. Mai Faci ya kira Sista a waya ya ce ta zo ta nuna masa inda take son kwanar rijiya, shi ba zai ce uffan ba. Ta zo a kayan aikinta, fuska ba walwala, ta nuna da ƙafa, ya ɗiga. Ɗigo tamanin ya yi, ko wanne wurin taya ɗaya, layi biyu. Da ya miƙe sai da ya dafa ƙugu.

Daga nan ne ya yi abin da ba wanda ya sa shi. Ya ɗauki gwangwanin ya shiga unguwa gida-gida. Wasu masu lambar sun yi gemu, wasu sun tashi daga garin, wata ma an ce tana jami'a. Amma na shekara biyu zuwa uku da suka wuce suna nan. Yakan yi sallama, ya miƙa ƙyallen ya ce, "Ga ajiyarka. Gobe ba mai cire maka ita." Wasu suka karɓa suna kallonsa kamar ya zauce. Wata uwa ta ce masa ɗanta ya daɗe da mantawa, a bar shi ya huta.

Gidan 'yarsa ya je a ƙarshe. Kunkuru na wanke kwanuka a tsakar gida. Ya ajiye lamba sha tara a kan turmi kusa da ita.

"Gobe za ki gama sha biyunki."

"In aka zagaye ni fa?"

"Ko sau nawa ne. Ina bayanki, ba zan wuce ki ba, ba zan taɓa kafaɗarki ba."

Ta daɗe tana kallon ƙyallen. "Kacata ta bushe," ta ce.

"To ki yaye buhun mana, ko ni zan yaye miki?"

Asabar, takwas daidai Maigadi ya buɗe ƙaramar ƙofa. Aka jera tayoyi a kan ɗigo cikin minti bakwai, ba wanda ya ce da wani kanzil, don kowa fushi yake yi, fushin kuma ya yi wa aikin amfani. Yara suka zo da lambobinsu a manne tun daga gida, wasu a karkace kamar yadda Tela ya faɗa, ya riƙa kallonsu yana cizon yatsa. Guguwa ya hau kan akwatinsa, ya buɗe baki, ya kalli Mai Faci, ya ce, "Allah ya tsare. A hau keke." Ya sauko kamar wanda aka ƙwace wa abinci a baki. Mai Faci ya duba agogo, ya ga ya tara minti hamsin a aljihu. Zuciyarsa ta yi sanyi.

Sai ga su suna shigowa. Ɗaya, uku, bakwai, yara masu koɗaɗɗun lambobi, suna turo kekunan da suka shekara a rataye. Goma sha ɗaya suka zo. Wannan tayarsa a lotse, wancan birki ba ya kamawa, wata sirdinta ya yi mata ƙasa har gwiwa na dukan haɓa. Mai Faci ya yi lissafin gardama da fil da jawabi, amma bai yi lissafin cewa wanda ka gayyata zai iya amsawa ba. Sista ta ce keke marar birki ba zai hau layinta ba, kuma gaskiyarta ce. Ya durƙusa da famfo da sufana, gumi na ɗiga daga hancinsa, yana jin mintocin da ya tara suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Da ya ɗaure birki na ƙarshe arba'in sun tafi. Guguwa ya ɗaga agogonsa ya nuna masa daga nesa.

Ƙanana suka yi nasu suka gama. Tara da kwata aka busa usur na manya.

Abin ya tafi yadda ya tsara, har ya fi. Duk wanda aka kusa zagayewa sai Mai Faci ya yi masa kira, ya fice layin waje ta giɓin da aka bari, na gaba su wuce fuu ta ciki ba wanda ya gogi wani. Sista na tsaye a kwanar rijiya, hannu a ƙugu, tana jiran abin da take tsoro, bai zo ba. Tara da minti arba'in na farko ya tsallake layi, aka yi tafi, Guguwa ya kaɗa tuta. Sauran masu sauri suka biyo. Layin waje ya rage da yara tara, sannan shida, sannan uku. Kowanne ya iso sai Guguwa ya kaɗa masa tuta, da farko a taƙaice kamar mai korar ƙuda, daga baya da hannu biyu, don ɗan siririn yaron nan na makon jiya ya tsallake yana ihu kamar ya ci kofin duniya.

Goma saura minti tara, Kunkuru kaɗai ta rage, da zagaye biyu a gabanta. Kowane zagaye minti huɗu take yi. Mai Faci ya lissafa ya ga akwai rarar minti ɗaya, ya ce a ransa ya isa. A bayan babbar ƙofa an fara jin gurnanin tireloli.

Sun shiga zagayen ƙarshe ke nan, a daidai hawan da ke bayan sito, ya ji ƙaras. Tun kafin ya duba ya san sautin. Kaca ta zame.

Ta sauka. Shi ma ya tsaya, taku uku a bayanta. Aikin da zai yi cikin daƙiƙa goma ne ido a rufe, yatsunsa har motsi suke yi da kansu. Amma dokar tsere ta ce wanda aka taɓa wa keke a tsakiyar hanya ba a lissafa shi cikin waɗanda suka gama, wannan dokar kuwa ba wanda ya yi gardama a kanta. In ya taɓa, za su shiga kafin goma, ya tsira da tsintsiyarsa, ita kuma Tela ya ja layi a kan sunanta. Ya cusa hannayensa biyu a hammata.

"Kaka?"

"Kin sha gani a rumfa. Fara da haƙorin baya."

Ta durƙusa. Ta ɗora kacar a ƙaramin haƙori, ta juya feda, ta sake zamewa. Wata tirela ta danna hon mai tsawo. Ta goge hannu a riga ta sake. Mai Faci ya ƙi duba agogo, don ya san abin da zai gani. A karo na uku kacar ta hau da wani ɗan sauti mai daɗi, yarinyar ta haye ba ta ko waiwaye shi ba.

Da suka zagayo kwanar rijiya ya ji motsi a bayansa. Ya waiga. Sista ce, taya biyu a kowane hannu, tana gudu da su zuwa bango. Duk inda Kunkuru ta wuce sai iyaye su kwashe tayoyin wurin, Tela na gara uku a lokaci ɗaya yana haki, yaran da suka gama suna jan kekuna zuwa gefe. Hanyar tsere tana naɗewa a bayansu kamar tabarma. Ba wanda ya ba da umarni, ba kuma wanda ya yi gardama kan inda za a tara su.

Maigadi ya zare sakatar babbar ƙofa a kan lokacinsa, don shi ba ya wasa da aikinsa. Amma ƙofar nan mai nauyi ce, ranar kuma sai ta yi masa nauyi fiye da kullum. Ya tura ɓari ɗaya a hankali, ya tsaya ya gyara takalmi, ya koma ɗaya ɓarin. Kafin hancin tirelar farko ya shigo, Kunkuru ta tsallake layi, baki buɗe, fuska duk baƙin mai, filin kuma fes babu ko taya ɗaya. Guguwa ya kaɗa mata tuta har sandarsa ta faɗi.

Aka fita waje bakin katanga, aka tsaya ana mayar da numfashi. Guguwa ya ɗaga agogonsa, ya nuna wa Tela, ya nuna wa Sista.

"Goma da minti biyu," ya ce, muryarsa ba daɗi.

"Haba shugaba," in ji wani uba, "ai ba a kore mu ba."

"Ba a kore mu ba don Maigadi ya yi mana kara. Magana muka yi a gaban kowa."

"Gaskiyarsa ne," in ji Mai Faci. Alkawari kaya ne, shi ya ɗauka da bakinsa. Ya juya ga kekensa ya fara kwance igiyar roba. Ƙullin ya daɗe a wurin, sai da ya sa haƙori. Ya ji zafin abin har cikin ƙirjinsa, bai kuma ɓoye ba, don idonsa ya kawo ruwa kowa na gani. Ya miƙa wa abokinsa tsintsiyar da hannu biyu.

Guguwa ya karɓa. "Doka na nan. Wa zai riƙe?"

Ya miƙa wa Tela. Tela ya ce shi ƙirga zagaye ma ya ishe shi. Ya miƙa wa wani uba mai ƙarfi a jika, mutumin ya kalli ɗansa da ke tsaye da koɗaɗɗiyar lamba a baya, ya ce bayansa na ciwo. Ya juya ga Sista.

"Ni in bi yaro in cire masa lamba?" ta ce. "Bayan abin da na gani yau? A ƙara tayoyi shida a kwanar rijiya, shi ke nan abin da nake nema."

Guguwa ya tsaya da tsintsiya a hannu, ya dubi gwiwarsa da ta shekara goma ba ta hau keke ba. Ya dubi Mai Faci, kamar zai yi dariya, kamar zai yi zagi. Daga bisani ya jingine ta a jikin katanga ya ce za a tattauna ran Alhamis. Kafin su watse Maigadi ya fito ya ɗauke ta, ya gwada ta a bakin ɗakinsa, ya ce tsintsiya mai kyau haka ba ta taɓa shara ba.

Ran Alhamis an tattauna har aka gaji. Dokar na nan a littafin Tela, ba a soke ta ba, ba a kuma sami mai hawa bayan yara ba. Shi ko Mai Faci, tunda ya sauka, Guguwa ya ce sai ya riƙe tuta a kwanar can ta nesa bayan sito, inda ba inuwa, ba kuma mai son zuwa. Ya karɓa.

Asabar da ta biyo ya tsaya a wurin da jar tutarsa, kekensa a jingine, kariyar ba komai. Yana jin kansa wani iri, kamar wanda ya fito ba hula. Aka busa usur daga can nesa. Jim kaɗan suka ɓullo ta hawan, sun nufo shi gaba da gaba, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Shekara goma sha ɗaya ƙeyar yara yake kallo da lambobin bayansu. Bai san haka suke cije leɓe a hawan nan ba, bai san ɗan siririn nan waƙa yake yi in yana tuƙi ba.

Can bayan kowa sai ga koren keke, a layin waje, ba kowa a bayansa. Ta taho tana taka feda ɗaya bayan ɗaya, idonta a kan hanya. Da ta zo daidai shi ta ɗago.

"Kaka, saura sha ɗaya!"

"Ina nan," ya ce, ya ɗaga mata tuta ta wuce.